Tsakanin Gaba da Baya

Da hantsi Maame Konadu ta shigo Suame,
motarta na warin doya da jar ƙasar Ejura.
Ta ce, Usta Gariba, saurara:
in na ja sandar giya zuwa baya, gum!
In na mai da ita gaba, gum!
Kamar wani na kwance a ƙasan kujera da taɓarya.

Gareji uku ta zaga kafin ta zo rumfata.
Duka ukun sun yi wa giyabos sallar gawa,
sun yanka mata kuɗin sabo,
kuɗin da zai lashe ribar damina biyu.

Ban gaya mata kunnena na hagu ya yi murabus ba.
Shekara talatin da ɗaya tsakanin masu buga bodi,
guduma ta karɓi rabonta.
An ce gani ya kori ji.
A rumfata taɓi ne ya kore su duka.

Na zaro sandar awon mai, na goga a farin tsumma.
Ja ne kamar zoɓo, babu ƙauri.
Na murza tsakanin yatsu, babu ɓarɓashin ƙarfe.
Wanda cikinsa ya ƙone, numfashinsa ke tona shi.
Wannan bai ƙone ba.

Mumuni, hau.
Taka birki kamar kana taka wuyan maciji.
Sa gaba. Sa baya. Sake.
Na ɗora tafina a kan injin, ina jiran ya zabura.
Ya ɗan rusuna kawai, irin gaisuwar mai sauri.
Robar da yake zaune a kai ta tsufa, amma tana riƙe da amana.
Bugun daga nesa yake zuwa,
ya biyo ƙarfe, ya shigo mini ta gwiwar hannu
kamar saƙon mutuwa daga wani gari.

Muka ɗaga ta a jak, na shimfiɗa kwali,
na shiga ƙasa, inda rana ba ta bin kowa bashi.
Na kama furofela da hannu biyu, na murɗa.
Ta juya faɗin yatsa kafin taya ta amsa.
Faɗin yatsa!
Nan ɓarawon yake, a cikin ɗan jinkirin nan
tsakanin kira da amsawa.

Kuros ne, ɗan ƙarfe mai kai huɗu,
bai kai tafin hannun yaro ba.
Maiƙonsa ya ƙafe tun bara,
tsatsa na zuba daga bakinsa kamar dakakken yaji,
alluran cikinsa sun zama gari.
Shi ke jin ciwo, giyabos ke shan zagi.

Boakye mai kayan gyara ya leƙo ƙasan motar,
ya rage murya: akwai giyabos a shagona,
kason ka na nan, ba wanda zai ji.
Na ce, ai ni ma ba na ji, Boakye.
Kawo mini kuros da gwangwanin giris.

Kafin la'asar muka ɗaure noti na ƙarshe.
Muka fita hanyar Tafo, ita ke tuƙi,
ni na cire takalmi, na dasa tafin ƙafa a daɓen motar.
Gaba. Baya. Gaba.
Shiru, irin na jaririn da ya ƙoshi.
Ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta dube ni,
ta sauke doya biyar a bakin rumfa ba ta ce komai ba.

Na durƙusa in ɗauki babbar,
da na miƙe, gwiwata ta ce ƙwas!
Mumuni ya ƙyalƙyale da dariya:
Usta, kai ma kuros ɗinka ya ci.
Na ce, ɗauki sufana ka wanke, yaro.
Irin nawa ba a sayar da shi a Magazin.