Mu Uku a Jirgi

Shekara talatin da ɗaya ina tashi daga Puerto Montt,
in kai wasiƙu da allurai tsibirin Melinka,
in komo da mai naƙuda, ko masuncin da ƙugiya ta yage wa tafi.
Ban taɓa tambayar zuciyata ko ta gaji ba.
Wa ke neman izinin ƙafarsa kafin ya taka?

Allah Ya rufa asiri, ba a sama abin ya same ni ba.
A kicin ne, ran wata Talata, na miƙa hannu zan ɗau buta,
sai duniya ta ɗauke kamar wutar lantarki.
Na farka kan daɓe, Edelmira na kiran sunana
da wata murya da ban san tana da ita ba.

Suka ce zuciyar tana tsallake bugu, tana mantuwa.
Suka tsaga ƙasan ƙashin wuyana ta hagu,
suka sauke mini baƙo, bai kai akwatin ashana ba,
da wayoyi biyu da suka bi jijiya suka gangara.
Aikinsa ɗaya tak:
in ta yi gyangyaɗi, ya zungure ta.

Lasisina ya shiga durowa, tare da rasit ɗin ruwa da tsofaffin makullai.
Ni kuwa na koma bakin shingen filin jirgi,
ina gane kowane inji da tarinsa tun bai ɓullo ba,
ina ɗaga wa yaran da na koya wa tuƙi hannu
kamar ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin farfela ba.

Likita Barría ba ta da alƙawari a baki.
Ta ɗora ni kan injin gudu, na yi ta gudu ban je ko'ina ba.
Ta rataya mini na'ura kwana guda cur,
na ci da ita, na kwana da ita, ta ji duk abin da na ɓoye.
Ta ɗora wani faifai kan tabon, baƙon ya kai ƙarata:
ran kaza ta makara, ran kaza ni na tashe ta.
Ashe har munafuki aka dasa mini.

Sai takardu. Aika wannan Santiago, jira.
Sun ce kwanan watan bai fito ba, sake aikawa, jira.
Ruwan sama ya cinye hunturu, ya shiga bazara.
Har cikin jirgi suka zaunar da ni, inji na ruri, rediyo a kunne,
suna duban ko ƙarfe zai ruɗa ƙarfe.
Bai ruɗa ba. Hannuna ne kaɗai ya yi rawa,
kuma wannan ba su da ma'auninsa.

Wata na tara ambulan ya iso, siriri.
Edelmira ta buɗe, ni na kasa.
An yarda. Amma da sharaɗi a layin ƙasa:
ba zan ƙara tashi ni kaɗai ba,
kuma duk wata shida in kai ƙirjina a karanta.

Na yi fushi na kwana biyu. Gaskiya ɗaya ce, na yi.

Ran farko na tarar da ita a kujerar dama tana duba mai,
Yasna Millalonco, shekara ashirin da shida.
Ta ce, ba ka gane ni ba, Don Anselmo,
mun taɓa tashi tare, ina cikin uwata,
daren da aka haska maka titi da fitilun motoci.

Ban ce komai ba. Na gyara bel don kada ya danne tabon.
Hasumiya ta tambaya mutum nawa ne a ciki.
Yasna ta ce biyu.
Na bar ta a haka, na tura maƙura gaba,
teku ya karkata ƙarƙashin fiffiken hagu.