Kwali Biyu a Kan Kanta

Shekara tara ina jan motar lantarki a Valparaíso,
daga Barón zuwa Aduana, in juyo, in koma,
teku a damata in za ni, a haguna in na dawo.
Fasinja tasha suke ƙirgawa.
Ni ban-ɗaki nake ƙirgawa:
na bayan kasuwa, na shagon Nolberto mai gyaran takalmi,
da wancan da sai ka sayi shayi a miƙo maka makulli.

Gyambo ne a babban hanji.
Likita Barrientos ta zana mini shi a bayan takarda,
ta shafa ja a inda wutar take ci.
Shekarar nan na rame har wando ya ƙi zama,
na ƙara huda biyu a bel da ƙusa.
Sai aka ba ni shuɗin kwali mai suna da harufan azurfa.
Mako biyar, jini ya tsaya.
Ban bauta wa kwali ba, amma na kusa.

Ranar Talata Maritza mai kantin magani
ta ajiye mini biyu a kan kanta.
Shuɗin ya sake tashi, ta ce, kuɗinsa ya ci kwana shida na aikinka.
Wannan farin kwana biyu ne.
Babu azurfa a jikinsa, babu ado,
sai sunan da ke cikin ƙwayar, mesalazin,
da ratsin rawaya a gefe.
Abin da ke ciki ɗaya ne, ta ce, awo ɗaya.
Na ce to me ya sa ya yi araha?
Ta ce wancan har da sunansa kake saye.

Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya tsorata.
Na bar su duka biyun, na fita hannu wofi.

Da dare Leontina ta yi lissafi a bayan ambulan:
tukunyar gas, takalmin makarantar Isidora,
haƙorin nan nawa da muke ta ɗagawa.
Ba ta ce komai ba. Ta turo mini ambulan ɗin kawai.

Likita ta ce a waya: bar maganar suna,
karanta mini rigar da ƙwayar ta sa.
Wata tun a sama take tuɓewa,
wata sai ta gangara inda ciwon yake.
Na karanta ina tuntuɓe da harufa.
Ta ce ta yi. Sha. Bayan mako takwas ka kawo a auna.

Na sha kamar mai haɗiyar tsakuwa.
Duk ƙugin ciki sai in ce ga ta nan.
Rana ta tara ya murɗa ni a tsakiyar titi,
na riƙe sitiyari, gumi har cikin safa,
na tsine wa Maritza, na tsine wa rawaya,
kafin in tuna da soyayyen kifin jiya
da yajin da na san ba nawa ba ne, na kuma ƙara.

Awo ya fito lafiya.

Amma Fresia, da muke zaman layi tare a asibiti,
ita ta canza, cikin ya ƙi, ta koma wa na da,
tana biya tana guna-guni.
Ba ta yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba.

Farin nake sha yanzu, wata na bakwai.
Shuɗin kwalin na ƙarshe yana nan kusa da birki,
canji nake zubawa a ciki.
Jiya na wuce shagon Nolberto ban ko duba ba,
sai da ya ɗaga mini guduma daga ƙofa
na tuna ban gaishe shi ba tun watan jiya.