Ɗigo

Ajinmu na Lawanti ba shi da silin,
kwano ne kawai tsakaninmu da jirgi.
In ya kunno kai da hantsi yana ruri
sauran malamai kan dakata, su yi tsaki,
Malam Bappayo kuwa sai ya ajiye alli:
"Ku fito waje. Darasi ya kawo kansa."

Mukan fita da kwalin sabulu
da aka yanka kamar rabin wata,
da zaren ɗinki, da tsakuwa a bakin zaren.
Ka runtse ido ɗaya, ka bi hancin jirgi,
abokinka ya karanta inda zare ya tsaya.
Ranar na gane kusurwa
ta wuce lungun da ake jingine tsintsiya.

Ya ce, "Tsayinsa mita ɗari uku,
yana gangarowa da digiri uku.
Saura tafiyar nawa ya taɓa kwalta?"
Muka sunkuya, fensir na cin takarda.
Ni na samu kilomita shida, saura kaɗan.
Tabawa ta ɗaga hannu, ta ce sittin.
Malam ya dafe ƙirji, ya yi salati:
"Kin wuce fili, kin wuce Gombe,
kin sauke bayin Allah a ruwan Dadin Kowa!"
Muka yi dariya har da hawaye.
Bai yi ba. Ya ɗauki littafinta,
ya matsar da ɗigo taki ɗaya.
"Komai naki daidai ne, 'yata.
Wannan ɗan mitsitsin ne ya ci mutum ɗari."

Da lokacin alhazai ya zo
jakunkuna suka zama jarrabawa.
Kilo nawa ga kowa, mai nawa ga fiffike,
in gaba ya yi nauyi me za a mayar baya?
Ya aro jakin Gidado, ya ɗora mangala,
ya cire dutse ɗaya daga ɓarin hagu,
kaya suka karkace, jaki ya yi turjiya.
"Abin da ka yi wa hagu, yi wa dama."
Tun daga nan ban ƙara tsoron harafi a lissafi ba.

Wani dare bayan isha ya tara mu a filin ƙwallo,
agogo a hannu, yana kallon yamma.
Sai ga tauraro mai tafiya, ba ya ƙyaftawa.
Ya ce akwai mutane a ciki,
minti casa'in su kewaye duniya.
"Sau nawa ke nan a yini da kwana?"
Sha shida, in ji Tabawa, kafin kowa.
Manga ya ce, "To magariba nawa ke kansu?"
Malam ya sosa ƙeya:
"Wannan ba ajina ba ne, tambayi liman."

Ban zama matuƙi ba.
Masara nake aunawa a Tudun Hatsi,
ina raba nauyi a bayan tirela
kada ta kwanta a kwana.
Tabawa ce ke ɗaura madubin awo a kan ƙafa uku,
tana shata hanyoyi a Bajoga.

Sai bayan ya ajiye aiki muka sani:
shekara talatin yana sauke jirage a allo
bai taɓa taka matakalar ko ɗaya ba.
Muka yi karo-karo, kujera ta fito.

Da ya dawo muka je gaisuwa.
Ya raba mana dabino da ƙirge, uku-uku.
Na ce, "Malam, lissafin ya fita?"
Ya ce, "Ya fita. Na duba agogo.
Amma da muka ɗaga na leƙa ta taga
ina neman kwanon makarantarmu.
Da ƙyar na gan shi. Ɗigo ne."
Ya yi shiru, ya juya ƙwallon dabino a tafinsa.
"Kun dai san abin da ɗigo ke yi."