Juyi Biyu a Tafkin Jabi

Ni ce a jirgin inji, can baya,
usur a wuya, tutoci a cinya.
Uku da uku suke, filafilai shida,
iskar la'asar na zuwa daga Utako
kamar mai bin bashi, ba sallama.

A jarkar alama ta biyu
Tanimu ya kutso, iska a hagunsa.
Hanyar Shekwolo ce. Ya sani.
Ni na koya masa, da murfin kwalba biyu
a teburin mai shayi, shekara huɗu baya.
Goshin jirgi ya gogi gefen jirgi,
ƙas, kamar cokali a bakin faranti.

Shekwolo ya yi ihu, ya ɗaga jar tuta.
Na jira. Doka na bai wa mai laifi numfashi:
ya juya sau ɗaya da kansa, a wuce wurin.
Juya mana, yaro.
Bai juya ba. Ya kafe ido gaba
kamar ruwa bai da shaida.

Na hura. Na nuna shi.
Biyu yanzu, ɗayan kuɗin taurin kai.

Yana zagaya kansa kamar akuya a turke,
abokansa na sassauta igiya, suna tare hanya
ko zai kamo. Bai kamo ba.

A gaɓa bai gaishe ni ba.
Sai da magariba ya zo ya tsaya:
"Anti Lantana, ban taɓa shi ba fa."
Na nuna masa shuɗin fenti a goshin jirginsa.
Ya sa babban yatsa ya murza.
Ya ƙara murzawa.