Shanya a Bradford

Ranar Lahadi waya ta yi mini albishir:
kwana huɗu na ɗumi, in ji masu duban sama,
digiri ashirin da uku, a tsakiyar Oktoba!
Ruwa kuwa, kashi goma kacal cikin ɗari.
Na rataye laima a bayan ƙofa, na ce ta huta.

A garinmu kaka sallamar ruwa ce,
gero ya sunkuyar da kai, rumbu ya buɗe baki.
Nan kuwa kaka ce ke yi wa ruwa iso,
ya shigo ya miƙe ƙafa, ya ƙi tafiya,
ganye ya yi ja kamar an ƙunsa masa lalle,
ya faɗo, ya manne a takalmi.

Ina da barkono, kwando ɗaya da rabi,
na yi renonsa a ɗakin gilashi tun Afrilu
kamar bakwaini.
Da kuɓewa guda talatin da ɗaya.
Na ƙirga. Kada ka yi dariya.
Na yayyanka, na shimfiɗa tsohon zanen Tasalla
a kan rufin rumfar kekuna,
na baje arzikina a gaban rana.

Litinin ta cika alkawari.
Mutanen layinmu suka tuɓe rigunan sanyi,
ƙudan zuma ya fito a ruɗe
yana cigiyar furen da ya riga ya tafi.
Tsoho Clifford ya leƙo ta kan shinge:
"Wannan ɗumi aro ne, Iro,
mai shi zai zo karɓa."
Na ce, zanen aro ko bai rufe katara ba,
a bar ni in ɗaura zuwa Alhamis.

Talata da safe, kashi ashirin.
Da azahar, talatin da biyar.
Da magariba ya sauko sha biyar,
kamar kuɗin goro a bakin dillali.
Wane irin ruwa ne wannan da ake tayawa?
Mahaifina hanci yake ɗagawa gabas,
ya ce yau, ko ya ce ba yau ba.
In ya kuskure ya ce hadarin na wasu ne.

Laraba ina jan bas zuwa Shipley.
Kashi ashirin, haka ta ce kafin in fito.
A fitilar hanya ta uku
ɗigo ɗaya ya sauka a gilashi,
ya tsaya yana kallona.
Sai ƙannensa. Sai dangi duka.
Mutum arba'in a bayana, kowa da uzurinsa,
ba wanda ya san wata shida na wahala
na kwance a kan rufi, ba mayafi.
Bas ba jaki ba ce, balle in juya akala.
Na yi ta ƙirga tashoshi kamar carbi.

Da na dawo rufin ya yi wayam,
sai ruwa yana bin kwano.
Kafin in gama salati na ji atishawa,
ɗaya, biyu, har bakwai, daga gidan maƙwabci.
Clifford ne, ido jajur, hanci na zuba,
kyanwarsa ta yi hijira ƙarƙashin mota.
Ya hau tsani da shekara saba'in da tara,
ya ƙulle zanen kusurwa huɗu,
ya baje mini shanya a gaban murhunsa.

Na ce, wayarka ta fi tawa gaskiya ke nan?
Ya ce, "Ban duba ba.
Gwiwar hagu ce ta tashe ni tun asuba."

Yau Alhamis. An ce kashi sittin,
an ce ɗumin zai kwashe kayansa da dare,
an ce wataƙila Asabar ta yi haske, wataƙila.
Tasalla ta kaɗa miya, na ɗiba a kwano,
na rage yajin saboda idonsa.
Na bar waya a kan tebur,
na ƙwanƙwasa shinge:
Clifford, ina kwana,
yaya gwiwa?