Ana Jiran Jabbi

Mu huɗu muka raba duniya
a bencin Modi mai cajin waya,
can Runjin Sambo, gefen mai shayi,
daren da zafi ya hana kowa shiga ɗaki.
Aka ba kowa bukka ɗaya, manoma biyu, da ɗan leƙen asiri,
sauran taswira baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ni na faɗo bakin teku,
ni da ban san ruwan da ya wuce Gulbin Rima ba.
Modi ya sami duwatsu da ƙarfe.
Hassatu, yayata, mai aikin dare a asibiti,
ta sami daji, ta ce ya ishe ta.
Jabbi ya sami fadama, muka yi ta dariya:
manomin albasa, ko a waya sai ya tarar da laka.

Ƙa'ida ɗaya ce: bi da bi.
Ka motsa, ka naɗe hannu.
In na tura mahara da hantsi
ba sa isa sai bayan isha'i,
don Jabbi ba ya duba waya sai ya kashe injin ban-ruwa.
Na koyi ƙulla amana ina ɗinkin wuyan riga,
na koyi kwance ta kafin in sa maɓalli.

Modi ya aiko: "Ni da kai, mutu ka raba."
A zagaye na sittin ya ƙone mini rumbuna.
Da safe ya karɓi wayata ya sa a caji,
bai rage mini ko kwabo ba,
ya ce, "Tela, mi yaf faru? Ba ka yi barci ba?"

Hassatu ba ta da soja ko goma.
Tsakanin allura da allura
take haƙa rijiya, ta kafa kasuwa,
har garuruwana biyu suka sauya tuta da kansu,
ba a harba kibiya ba.
Na kai ƙara wurin Inna.
Ta ce, "Ka bari, in ta gama za ta mayar maka."

Ran wata Talata, zagaye na ɗari da sha bakwai,
allo ya ce: Ana jiran Jabbi.
Laraba haka. Alhamis haka.
Ashe injin ne ya tsaya, albasa na jin ƙishi,
ya kai wayar kasuwa,
ya dawo da fistan da jarkar mai biyu.

Wasan ya gaji, ya riƙa tsallake shi.
Birninsa na nan, ƙofa a buɗe,
manomansa tsaye a gona, fartanya a sama,
ba mai ce musu su sauke.
Muka yi alkawari mu uku, hannu a ƙirji:
ba mai taɓa kayan wanda ba ya nan.

Kwana tara na riƙe.
Na goma, ƙarfe biyun dare, wuta ta dawo, fanka ta juya,
na ga rundunar Modi ta yada zango
kusa da ganuwar fiye da kima.
Na ce, da shi gara ni.
Danna uku. Ko kare bai yi haushi ba.
Aka buga mini tambari.
Na rage ƙara kada maƙwabta su ji.

Jiya na gamu da shi a Kasuwar Daji,
ya rame, ya yi duhu, yana dariya bisa buhu.
Ya cika mini leda da manya-manya, ya ƙi kuɗi.
Ya ce, "Bana ta yi daraja.
Wata mai kamawa zan sayi wata wayar.
Ƙaƙa garina? Kuna dai duba mini shi?
Akwai wata gada da na fara, ban ƙarasa ba."

Na ce, "Yana nan."
Na ɗauki albasa ɗaya na kafa mata farce, na ɓare,
don in ya dubi idona
ya ce ita ce.