Sikeli

Shekara goma sha ɗaya ina gaban sikeli
a injin shinkafa na bakin hanyar Jega.
Buhu ya hau, allura ta karkata, in rubuta.
Ran Laraba aka miƙo min ambulan,
takarda ɗaya ce ciki.
Na auna ta a tafin hannu, ba ta kai giram biyar ba,
amma da ƙyar na kai ta gida.

Kwana tara ban faɗa wa Tumba ba.
Da sassafe in sa takalmi, in soke biro,
in je in zauna bencin Ɗanjumma mai shayi
har inuwar darbejiya ta juya.
Dare kuwa sai lissafi: haya, makarantar Nafi'u,
bashin mai kanti,
ƙirji na ta daka, babu turmi.

Rana ta goma ta ajiye min kunu, ta ce:
"Kwana biyu ina wanke rigarka,
ko ƙurar buntu babu a wuyanta."
Ban tanka ba. Ita ma ba ta ƙara ba,
sai ta matso min da ludayi.

Yanzu ina fadamar Dukku wurin wana Arzika,
dashe muke, ruwa har ƙwauri.
Laka ba ta tambayar takardar shaida.
Baya na ciwo, amma barci ya dawo
kamar akuyar da ta san gida.

Biron na nan a aljihu.
Jiya na gwada shi a bayan kwalin ashana,
na rubuta sunana.
Da sauran tawada.